Soja da odar oga: abin da na tsinta a hirarmu

Jiya a majalisa mun dade kan wannan batu, ga abin da aka fi tsayawa a kai. Soja dole ya bi oda, amma fa oda ta halal, in oga ya ce ka bude wuta kan mutanen da ba su da makami ko ka kashe wanda ya riga ya daga hannu, to wannan ba oda ba ce, laifi ne kuma kai za a kama. Wani tsohon soja a cikinmu ya ce tun shari'ar Nuremberg ta 1945 aka daina karbar uzurin wai "umarni aka ba ni". Shawararsa, kar ka yi tsaurin ido, ka nemi a maimaita maka odar a gaban shaidu, ko a rubuce, ka kai kara sama. Malam kuma ya kawo hadisin nan, babu biyayya ga abin halitta wajen sabon Mahalicci. Ni dai na ce fada da baki sauki gare shi, kurtun da ke tsoron gadurum fa?