Kalmar "Reds" ta jaridun Amurka: Jajaye, 'yan gurguzu, ko 'yan jar tuta?

Duk mai fassara tarihin Yaƙin Cacar Baka zuwa Hausa zai ci karo da kalmar "Red", wadda asalinta launin ja ne kawai, amma jaridun Amurka na shekarun 1940 da 1950 suka yawaita amfani da ita a matsayin sunan 'yan kwaminis. Tushenta jar tutar masu juyin juya hali ce, wadda Tarayyar Sobiyat ta ɗauka. Editoci sun ƙaunace ta saboda gajartarta, domin "Reds" haruffa 4 ne, "Communists" kuwa 10, alhali filin kanun labari ƙanƙane ne.

Sai dai gajartar ta zo da wani aibi, domin kalma ɗaya ta haɗe mutane iri-iri. A lokacin yaƙin Koriya, daga 1950 zuwa 1953, sojojin Koriya ta Arewa da na Sin su ne "Reds" a shafin farko, a shafin ciki kuma sai a kira malamin makaranta ko ɗan ƙungiyar ƙwadago da wannan suna alhali zargi kawai ake yi masa. Bayan jawabin Sanata Joseph McCarthy a garin Wheeling na jihar West Virginia ranar 9 ga Fabrairun 1950, inda ya ce 'yan kwaminis sun cika Ma'aikatar Harkokin Waje, kalmar ta zama tambarin da ke raba mutum da aikinsa. Har ƙungiyar wasan besbol ta Cincinnati, wadda ta daɗe da sunan Reds, sai da ta koma Redlegs a 1953 don kada a yi mata mummunar fahimta.

Wani abokin aikina ya ce a rubuta "Jajaye" a huta. Ban yarda ba. Bahaushen da ya ji "an kama jajaye biyar" zai ɗauka masu hasken fata ake nufi. Bugu da ƙari, ja a bakinmu ya fi karkata ga yabo da girmamawa, kamar a jan gwarzo da jan hali da jan wuya, ga kalmar Turancin kuwa tsangwama ce zalla.

"'Yan gurguzu" da "'yan kwaminis", waɗanda gidajen rediyo suka saba da su, daidai suke ta fuskar ma'ana, kuma su ya kamata marubuci ya riƙe idan da bakinsa yake ba da labari. Matsalarsu ita ce ba su da dafi. Idan aka fassara kanun jaridar 1951 da su, mai karatu zai zaci editan bayani ya yi cikin natsuwa, alhali jifa ya yi.

Shawarata ita ce "'yan jar tuta". Ta riƙe launin, ta mayar da shi inda ya samo asali, kuma tuta a tarihinmu alamar mubaya'a ce tun zamanin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ba jagororin jihadi tutoci, saboda haka wanda aka ce ɗan wata tuta ne an jingina shi ga wata runduna, ko ya amsa ko bai amsa ba. Wannan jinginawar ita ce ainihin aikin da kalmar ta yi a Amurka. Da ita "Red Scare" zai zama "fargabar 'yan jar tuta", "Red China" kuma "Sin mai jar tuta".

An yi mini ƙorafin cewa mutanen Kano za su tuna da jar hula. Gaskiya ne, amma hula daban, tuta daban, kuma jimlar da ke zancen Washington ta 1950 za ta kawar da shubuhar.

Saura "pink", wadda aka liƙa wa wanda ake ganin ya karkata ga kwaminisanci amma bai kai ga shiga ba, kamar yadda ɓangaren Richard Nixon ya yi wa Helen Gahagan Douglas a takarar sanata ta California a 1950. "Ruwan hoda" ba za ta ɗauki wannan ba, amma Hausa tana da "jaja-jaja" ga abin da bai gama rinuwa ba, don haka zan rubuta "masu tuta jaja-jaja".