Ƙa'idojin gidan kaso a Amurka: a baje su ko a kulle su?

Malamin Makaranta: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da muka bari ba mu ƙarasa ba. Alhaji ya ce a Amurka duk ƙa'idar da ake tsare mutum a kanta a fili take, kowa na iya karantawa, in ma an ɓoye wani abu to don tsaro ne. Ni dai ban gamsu ba.

Alhaji: Wa alaikumus salam. Malam, ina nan kan bakana. Ƙasar da ta yi dokar 'yancin samun bayanai tun 1966, ita ce za ta ɓoye dokar kurkuku?

Lauya: Alhaji, a gafarce ni. Dokar 1966 ɗin nan hukumomin tarayya kaɗai ta ɗaure. Gidan da muke magana a kai na gunduma ne, wanda sherif, wato babban jami'in tsaron gunduma, ke riƙe da shi, shi kuma zaɓensa ake yi kamar ciyaman. Irin waɗannan gidaje sun kai wajen 3,000, kuma kusan kashi biyu cikin uku na mutanen ciki jiran shari'a suke, da yawansu kuɗin beli ne ya gagare su. Babu wani kundi guda da ya hau kan dukkansu, in ka cire dokar hana fyaɗe a gidajen yari ta 2003. Kowace jiha da nata tsarin, wasu jihohin ma ba su da ƙa'idar dole ko kaɗan.

Alhaji: To mu nan Texas fa? Akwai hukumar kula da ƙa'idojin gidajen kaso tun 1975. Komai a rubuce yake: gandiroba ɗaya ga fursuna 48, a leƙa kowa ido da ido duk minti 60, wanda ake tsoron zai cutar da kansa duk minti 30. Gundumar da ta faɗi binciken ma ana lissafa sunanta a intanet.

Lauya: Gaskiyarka a kan Texas. Amma leƙa Utah. Can ƙa'idojin da gidajen kason gundumomi suka daɗe suna aiki da su, wani tsohon shugaban hukumar gidajen yarin jihar ne, Gary DeLand, ya rubuta su, ya ce hajarsa ce, yana da haƙƙin mallaka. Sai ya zama ana tsare mutane da kuɗin harajin jama'a, ana duba gidajen da wannan kundi, amma ɗan jarida ko dangin fursuna in sun nema a ce ba za a bayar ba. Sai da ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU da wata cibiyar kare haƙƙin masu naƙasa suka maka gundumar Davis a kotu a 2018 a kan haka. Ɗaya daga cikin dalilan ɓoyewar kuwa shi ne kada lauyoyin fursunoni su samu abin kai ƙara.

Tsohon Gandiroba: Ku dakata, yarana. Ni na yi aikin nan a gida Najeriya har na yi ritaya, kuma akwai abin da ba ku gani daga waje. Fursuna ba shi da aiki sai lura. Ya san takun kowane gandiroba, ya san wanda ke gyangyaɗi bayan ƙirgar dare, ya san ƙarar kowane ɗan makulli. Ka ba shi takardar da ta ce ga lokacin zagaye, ga yadda ake caje, ga inda ake ajiye makullai, ga mutum nawa ke bakin ƙofa da dare, ai ka gama masa aiki. Ranar da aka fasa gidan, ku ɗin nan ne za ku fara zagin ma'aikata.

Hajiya: Baba, Allah ya ƙara girma, babu wanda ya ce a buga inda makulli yake. Ni tambayata ta uwa ce. Ɗana mai ciwon suga in aka kama shi daren Juma'a, cikin awa nawa doka ta ce ma'aikacin lafiya ya gan shi? Wa zai ba shi allurarsa? In ya buga ƙofa yana kiran taimako, wa ke da alhakin zuwa? Wane ɓarawo ne zai tsere da wannan bayanin?

Tsohon Gandiroba: Hajiya, a takarda abu ne mai sauƙi a raba. A aikace lokacin zagayen da kike son sani, shi ne dai lokacin da mai shirin gudu yake son sani.

Hajiya: Ai kuwa shi ne ya tona asiri a maganar Sandra Bland. An kama ta ranar 10 ga Yuli 2015 bayan ɗan sanda ya tsayar da motarta a kan ba ta kunna sigina ba da za ta sauya layi, ranar 13 aka tarar da gawarta a gidan kason gundumar Waller a Texas, hukuma ta ce ita ta kashe kanta. Da aka bincika sai aka ga ba a riƙa leƙa fursunoni ido da ido duk awa ba yadda ƙa'ida ta ce. Don an san ƙa'idar ne aka iya cewa an karya ta. Har majalisar jihar ta yi doka da sunanta a 2017, wadda ta ce in mutum ya mutu a tsare, wata hukuma daban ce za ta bincika, ba masu gidan ba.

Alhaji: Hajiya, kin ba ni makami da hannunki. A Texas ɗin da komai ke fili ta mutu. Ina amfanin bajewar?

Malamin Makaranta: Alhaji, ɗazu cewa ka yi komai a fili yake, yanzu kuma ka koma ba shi da amfani. Wanne za mu riƙe?

Alhaji: Duka biyun, Malam.

Lauya: Bajewa ba ta hana mutuwa, wannan haka yake. A 2020 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ƙirga mutum 7,571 da suka mutu a gidajen kaso sama da 500 tsakanin 2008 da 2019, kuma wajen kashi biyu cikin uku ba a yanke musu hukunci ba. Amma ku dubi abin da ya rage wa jama'a in an kulle kundin. A 1975 gidan rediyo da talabijin na KQED ya nemi shiga gidan kason Santa Rita a Kalifoniya bayan wani fursuna ya kashe kansa, sherif ya hana, a 1978 Kotun Ƙoli ta ce ɗan jarida ba shi da wani 'yancin shiga da ya wuce na kowa. Ƙofa a rufe, in takarda ma a rufe, sai abin da sherif ya ga damar faɗa.

Auta: Yaya Lauya, mu ma a gida Najeriya abin na tafe. Tun gyaran tsarin mulki na 2023 jihohi na da ikon kafa nasu gidajen gyaran hali. Wa zai rubuta musu ƙa'ida, kuma wa zai gani?

Tsohon Gandiroba: Abinci, magani, yawan mutane a ɗaki, ranar ziyara, na yarda a manna su a bakin ƙofa ma. Jadawalin dare da caje kuwa a bar wa alƙali da mai bincike kaɗai.

Hajiya: To Baba, wa zai zauna ya raba wanne ne na ƙofa, wanne ne na alƙali? In mai gidan ne da kansa, ban yarda ba.