Wai me ya haɗa bairos ɗin kwamfuta da na mura?

Ɗan_Kurmi: Salam jama'a, don Allah me ya sa ake ce wa na kwamfuta bairos, shi ma rai gare shi?

AntinBayoloji: Ba shi da rai ƙanina, hali ne ya zo ɗaya. Na mura ba ya iya hayayyafa shi kaɗai sai ya kutsa cikin ƙwayar halittar mutum ya sa ta dinga buga masa kwafi, na kwamfuta ma haka yake maƙalewa jikin fayil kana buɗewa ya kwafi kansa.

MaiGyaranWaya: Tun 1986 ake fama fa, wa da ƙani a Lahore ta Pakistan suka yi wani bairos mai suna Brain, ta fulofi (faifan ajiyar fayil na da) yake yawo. Yanzu kuma filash, ni dai ba na jona na aro wallahi.

Ɗan_Kurmi: Kai! Jiya na jona na abokina.