Kofi 13 na Hershey Bears: abin yabo ne ko cika baki?

Baban Khalifa: Jama'a, ni fa ban ga abin tinƙaho a kofi 13 da kulob ɗin Hershey Bears na Amurka ya ci a gasar AHL ba. A hokin ƙanƙara, AHL gasar rainon 'yan wasa ce, ƙasa da babbar gasar NHL. Duk yaron da ya nuna ƙwazo, Washington Capitals, kulob ɗin NHL da suke raina wa 'yan wasa, ta ɗauke shi zuwa can. To kirarin me ake yi?

Malam Iliya: Baban Khalifa, ai hujjarka ce ta kayar da kai. Ana zare musu gwanaye a tsakiyar kaka, amma duk da haka suka ɗauki Kofin Calder, wato kofin zakarun AHL, a 1947, suka maimaita a 1958 da 1959, har zuwa 2023 da 2024. Tun 1938 suke cikin gasar, ba su taɓa barin ɗan garinsu na Hershey a jihar Pennsylvania ba, garin kamfanin cakulan. Cleveland Barons da ta ci 9 ma tuni ta tattara ta bar gari a 1973.

Baban Khalifa: Malam, tsofaffin 'yan wasan da NHL ta yar suke tarawa su doke yara.

Malam Iliya: Dokar gasar ta taƙaita yawan tsofaffin da za a saka a wasa, kuma kowa ita ta ɗaure shi. John Carlson ya ci kofi a Hershey a 2009 da 2010, ya kuma ci Kofin Stanley, wato kofin zakarun NHL, da Capitals a 2018 tare da mai tsaron raga Braden Holtby, wanda shi ma daga can ya taso. Koci Bruce Boudreau ya ci kofin 2006, a 2007 aka miƙa masa Capitals. A 1988 kuwa wasa 12 suka buga a zagayen cin kofi, ba su faɗi ko ɗaya ba.

Anti Rabi: Ku dai kuna ta lissafin kofi. Ni abin da ya burge ni ranar jifa da 'yar tsana ce: da sun ci ƙwallon farko, 'yan kallo su yi ta wurgo 'yan tsana kan ƙanƙara, a tattara a raba wa yara mabuƙata. A Janairun 2025 sun haura dubu 100.

Baban Khalifa: Wannan na yarda, Anti, Allah ya saka musu. Amma a haɗa su da kulob ɗin NHL mafi rauni, wasa bakwai, mu gani.

Malam Iliya: Za su sha kashi, ban musa ba. Amma kulob 32 ne a AHL, duk matsayinsu ɗaya. Me ya hana sauran tara 13?