Shawarwari kan gidajen abinci a Makka, Madina da Alƙahira

Abban Sadik: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawararku a kan wata tafiya da ke gabana. In Allah ya yarda, bayan ƙaramar salla zan raka mahaifiyata Umara, daga can kuma mu wuce Alƙahira domin ganin likitan ido. Hajiya tana fama da ciwon suga, kuma tun tasowarta ba ta saba da wani abinci ba in ba tuwo da miyar kuka ko shinkafa da wake ba. Ni kuwa ina son in ɗanɗana abincin mutanen ƙasar da na je, domin ban ga amfanin mutum ya ƙetare teku ya je ya kulle kansa a ɗakin otal yana dafa indomi ba. Don Allah duk wanda ya san gidajen abincin da za su karɓe mu ni da ita, ya taimaka mana da bayani.

Hajiya Uwani: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan hidima, ya ba Hajiya lafiya. Maganar tuwo a Makka kada ta hana ka barci, domin 'yan uwanmu Takari da ke zaune a wajajen Shara Mansur da Misfala sun daɗe suna ciyar da alhazai, kuma za ka samu tuwon shinkafa da miyar kuka da ta kuɓewa har da ɗanwake da kunu. Sai dai abin da zan ja kunnenka a kai shi ne abincin da ake fitowa da shi bakin titi a cikin kula, domin zafin Makka ba ya barin miya ta daɗe, kuma wanda aka dafa tun hantsi ba shi ne zan ba dattijuwa da daddare ba. Abin da ya fi shi ne ka tambayi jagoran tafiyarku ya haɗa ka da matan da ke dafawa a gida su aiko har masauki, ka kuma gaya musu a rage mai da gishiri.

Kai kuma da kake son sabon ɗanɗano, ka fara da mandi. Asalinsa abincin mutanen Hadaramaut ne na ƙasar Yaman, ana saka naman rago ko kaza a cikin rami mai garwashi, a ajiye tukunyar shinkafa a ƙarƙashinsa yadda romon zai riƙa ɗiga a kanta, sannan a rufe ramin ruf har naman ya yi laushin da da yatsa za ka raba shi da ƙashi. Kada ka saya a benayen da ke jikin Harami, inda kuɗin hayar shago ke shiga cikin kuɗin farantinka. Ka ɗauki mota zuwa Aziziyya, can ne mutanen gari ke ci. Yawancin gidajen mandi suna da ƙananan ɗakuna masu labule da ake zama a kan kafet, wanda na san zai fi wa Hajiya daɗi a kan kujera a tsakiyar jama'a. Idan za ka yi oda ka ce "nus habba", za a kawo rabin kaza da shinkafar da ta ishe ku ku biyu har ta yi saura.

Alhaji Ɗanjuma: Hajiya Uwani ta gama magana a kan mandi, amma ta tsallake Al Baik, kuma na tabbata idan ka dawo ba ka ci ba yaranka ma sai sun yi maka dariya. A Jidda aka buɗe shi a 1974, soyayyar kaza ce da miyar tafarnuwa, kuma farashinsa na talaka ne. Layinsa bayan sallar isha'i ba na mai tsohuwa ba ne, don haka ka je da hantsi ko tsakanin azahar da la'asar, ka saya ka koma masauki.

Hajiya Uwani: Ban manta ba Alhaji, da gangan na bar shi. Kaza ce mai daɗi, ban musa ba, amma sunanta ya fi ta girma, kuma mai son sanin abincin Hijaz ba a nan zai san shi ba. Idan kun samu sarari a Jidda, ku shiga babbar kasuwar kifi da safe, ka zaɓi kifinka da idonka, a wanke maka, ka miƙa wa masu gashi da ke nan wurin. Wannan ne abincin da har yau nake tunawa, kuma shi ne wanda Hajiya za ta ci hankali kwance.

Dakta Rabi: Yaya Abban Sadik, bari in sa baki ta fuskar lafiyar Mama, domin kusan duk abin da aka lissafa shinkafa ce fara ko burodi, su ne kuma ke ɗaga suga da sauri. A gidan mandi a cika mata nama da salak, shinkafar kuwa a ɗiba mata kaɗan a wani faranti dabam, saboda idan ana ci a tire ɗaya mutum ba ya sanin iyakar abin da ya ci. Da safe ful ya dace da ita ƙwarai, wato dafaffen wake mai faɗi da ake dama shi da man zaitun da lemun tsami, sai dai burodin tamis da ake haɗa shi da shi yana da girma, a yaga mata ɗan gefe kawai. Miyar adas, wato wani ƙanƙanin wake, ma tana da kyau, kuma kusan kowane gidan abinci yana da ita. Tun 2019 hukumomin Saudiyya suka wajabta wa gidajen abinci rubuta yawan kalori a gefen kowane abinci, wannan zai ɗan taimaka maka wajen kwatantawa, ko da yake ba ya nuna yawan sitaci. A Madina za a yi ta miƙo muku dabino, har da ajwa, to a ƙidaya abin da ta ci. Amma kuma ranar ɗawafi da sa'ayi kada ta fita ba ta karya ba, ka kuma riƙe 'yan ƙwayoyin dabinon a aljihu, domin doguwar tafiya bayan shan magani tana iya sa sugan ya faɗi. Kafin ku tashi ku koma wurin likitanta ya duba ma'aunin maganin.

Abban Sadik: Na gode ƙwarai Hajiya, na gode Alhaji da Dakta, duk na rubuta. Allah ya gafarta Malam Bashir, na san kun yi karatu a Azhar, muna jiran naku bayanin a kan Alƙahira.

Malam Bashir: Madalla. Alƙahira gari ne da mai ƙaramin ƙarfi ke ci ya ƙoshi, kuma ina ganin Hajiya za ta fi sakewa a can fiye da yadda kake zato. Dalilina shi ne mulukiyya, wadda ba komai ba ce illa ganyen lalo da aka yanka ƙanana aka dafa da romon kaza, aka soya tafarnuwa aka juye a kai. Tana da yauƙi irin wanda ta sani, kuma duk dattijuwar da na kai ta ci ba ta bar komai a kwano ba. Bayan wannan, a Madinatu Nasr, musamman Hayyul Ashir inda ɗaliban Afirka suka fi yawa, akwai gidajen abincin Sudaniyawa da ke tuƙa asida su haɗa da miyar busasshiyar kuɓewa da suke kira weka, suna kuma gasa agashe da ƙuli da yaji. Wanda ya yi kewar gida can yake nufa.

Kai kuma abincinka shi ne kushari: shinkafa da adas da makaroni a kwano ɗaya, a zuba miyar tumatir, a barbaɗa soyayyar albasa da wani wake mai kama da gujiya. A kan tebur za ka tarar da kwalabe biyu, ɗaya ta ruwan khal da tafarnuwa, ɗaya ta barkono, ka fara da kaɗan domin barkonon ba na wasa ba ne. Gidan da ya fi suna shi ne Abu Tarik a titin Shamfoliyon da ke tsakiyar gari, bene ne guda wanda ba a sayar da komai a cikinsa sai kushari da ɗan kayan zaƙi, saboda haka tukunya ba ta kwana. Hajiya dai ta ɗanɗana cokali biyu ta bari, domin sitaci ne a kan sitaci. Idan kun je ziyara masallacin Azhar da na Husaini, ku nemi gasasshiyar tantabara ko wadda aka cusa wa shinkafa ko ɗanyen alkama a ciki, unguwar ta shahara da ita. Masu tsayawa a ƙofar shago a kasuwar Khan Khalili suna jan hannun baƙo kuwa, ka yi musu sallama ka wuce.

Abubuwa biyu zan hana ka. Na farko fasikh, wani kifi ne da ake jiƙawa da gishiri har ya ruɓa, ana cinsa a bikin Shammun Nasim, kuma ma'aikatar lafiyar ƙasar da kanta tana gargaɗi a kansa duk shekara. Na biyu ɗanyen ganye a ƙananan shagunan bakin hanya, domin cikin baƙo bai saba da ruwan da aka wanke shi da shi ba. Sannan a manyan gidajen abinci ka sani cewa farashin da ke rubuce ba shi za ka biya ba, ana ƙara kashi 12 cikin ɗari na hidima da kashi 14 na haraji, kuma duk da haka mai kawo abincin yana sa ran ɗan bakshish a hannunsa.

Alhaji Ɗanjuma: Abin da Malam ya faɗa a kan gidan da ke sayar da abu ɗaya shi ne ma'aunina a duk ƙasar da na shiga. Idan aka miƙo mini takardar abinci mai shafi goma, da na Sin da na Indiya da na Italiya duk a kicin ɗaya, na san rabinsu daga firiza za a ciro. Ni direbobin tasi nake tambaya inda su da kansu suke ci, ban damu da taurarin da ake bai wa gidaje a intanet ba. Ku dai ku gode wa Allah ƙasashen Musulmi za ku. Mu da ke zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin sayayya, sai mun nemi shagunan taliyar Lanzhou masu koren allo da alamar halal a wajajen Shiyawbei, domin a sauran wurare ko ganye ka ce a soya maka, ba ka da tabbacin ba da man alade aka soya ba.

Maman Ilham: Alhaji, a gafarce ni, a nan kam ban bi ku duka ba. Direban tasi yana iya kai baƙo inda ake ba shi lada, kuma abin da cikinsa ya saba da shi ba lallai ne cikin Hajiya ya ɗauka ba. Intanet tana da amfani idan an san yadda ake karanta ta. Ni ba na duba yawan taurari, ina zuwa kai tsaye wurin waɗanda suka yi ƙorafi a watannin baya-bayan nan, idan na ga mutum uku da ba su san juna ba suna kukan abu ɗaya, kamar tsami a miya ko ƙazantar banɗaki, to na yarda. Hotunan da masu ci suka ɗauka da wayarsu ma sun fi na mai gidan gaskiya.

Shawarata ta biyu ita ce kada ka bari sai a Makka Hajiya za ta fara ganin wannan abinci. A nan Kano akwai gidajen Labanawa da suka daɗe a wajajen Bompai da Nasarawa, ga kuma sababbin wuraren mandi da shawarma da ke ta buɗewa a Zoo Road da kewaye. Ka kai ta ta ɗanɗana miyar adas da gasasshen nama irin nasu, ka lura da abin da ta ƙara da abin da ta ture, ka kuma auna sugan bayan awa biyu. Sai dai sabon gidan abinci a garin nan sai an yi hattara. Akwai wani da aka buɗe kusa da mu, makonnin farko nama har ya fi shinkafa yawa, ana ta ɗaukar hoto ana yaɗawa, da mai dafa musu ya tafi sai ga kaza mai sanyi a tsakiya da man da aka maimaita suya da shi har ya yi baƙi. Shi ya sa yanzu nake bari sai gida ya yi wata uku, in je ranar aiki da rana, in nemi abu mafi sauƙi, wato shinkafa da miya. Wanda ya iya wannan zan amince masa da sauran. Ka kuma tambaya tun kafin a kawo ko farashin ya haɗa da harajin kashi 7.5, domin wasu sai a rasit za ka gan shi.

Abban Sadik: Wannan shawara ta shige ni Anti, ranar Asabar zan fita da ita in gwada. Saura tambaya ɗaya ga Malam. Hajiya da ƙarfe ɗaya take cin abincin rana saboda magani, ko hakan zai yiwu a Alƙahira?

Malam Bashir: Zai yiwu, amma sai ka shirya. Misirawa ba sa cin abincin rana da wuri, sai wajen la'asar bayan an tashi daga aiki, don haka wasu gidajen gashi da ƙarfe ɗaya garwashinsu bai ma kama ba. Shagunan ful da ɗa'amiyya, wato ƙosai irin nasu, suna buɗe tun asuba, na kushari kuma kafin azahar sun fara sayarwa. Ranar Juma'a yawancin wurare sai an sauko daga masallaci. Ranar da za ku ga likita ka sayi ful da dafaffen ƙwai da kindirmo marar suga tun da safe ka tafi da su, domin layin asibiti da cunkoson motoci a garin suna iya kai ku har la'asar ba ku koma masauki ba.