Sujada daga gida, da samarin da ke bayan lasifika

Mai buɗe zance, Kaduna:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. A nan Kaduna an hana fita tun ƙarshen Maris na 2020 saboda korona, har Istar shekarar, 12 ga Afrilu, ta same mu a ɗaka. Samarin zumuntar matasa ne suka je gidan fasto da waya, suka ɗauki wa'azi, suka sa mana a Facebook. A watan Yuni aka buɗe majami'u, amma su har yau ba su ajiye aikin ba, kuma ba a biyansu ko sisi. Ina so kowa ya faɗi yadda sujadar gida ta kasance masa, mu kuma san yadda za mu gode wa yaran nan.

Wata mama, Jos:
Ɗana, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Tun da aka yi mini aiki a gwiwa ba na iya hawa matakalar majami'a. Ran Lahadi nakan yi wanka, in ɗaura zanen zumuntar mata, jikata ta jingina mini waya a kan tebur. Da farko waƙa kan yi nisa kafin in gano lambarta. Na aika aka gaya wa yaron da ke kula da kayan. Lahadi ta gaba sai ga lambar waƙa da ayar karatu a rubuce a ƙasan hoton, da manyan baƙaƙe. Ban san ko wane ne shi ba, ban taɓa ganin fuskarsa ba, amma kullum yana cikin addu'ata. Allah ya yi masa albarka, ya ba shi masu yi masa.

Mai kula da sauti, Zariya:
Amin Mama, mun gode. Ina cikin masu wannan aiki, bari in faɗi yadda yake daga ciki. Mukan iso tun gari bai gama wayewa ba: a duba mai a janareta, a canza batirin makirufo, a gwada kowane kebul. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a jawo sauti kai tsaye daga mikisa, wato na'urar da ke haɗa sautin makirufo, zuwa wayar da ke watsawa. In aka bar wayar ta ɗauki sautin ɗaki, na gida ba zai ji komai ba sai amsa-kuwwa da kukan yara. Hoto in ya yi dishi-dishi mutane kan yi haƙuri, amma murya in ta lalace sai su kashe.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kunna janareta tun daga sujadar Turanci har ta Hausa ya zama nauyi. Data kuma sau da yawa daga aljihunmu take fita. Amma ba kuɗin ne ya fi damuna ba. Ina zaune cikin majami'a, wa'azi yana wucewa ta kunnena, hankalina kuwa yana kan ko sauti ya yi ƙara, ko intanet ta tsinke. Sai da dare nake sake kunnawa in saurara domin kaina. In kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar addu'a, duk kawuna kan juyo baya, wajenmu. Abin da muke roƙo shi ne ƙarin hannu, mu riƙa karɓa-karɓa. 'Yan mata ma su zo, aikin ba na maza kaɗai ba ne.

Ma'aikaciyar jinya, Ingila:
Ɗan'uwa, sannunku da ƙoƙari. Akwai majami'u a nan, amma babu inda zan ji ana raira waƙa da Hausa da ganga da tulu. Lokacin sanyi agogonmu yana bayan na gida da awa ɗaya, saboda haka ina saukowa daga aikin dare sai in tarar an fara. Da goggona ta rasu ban samu zuwa ba. Ta wayar wani yaro na bi jana'izar har bakin kabari, yana tsaye cikin rana bai sauke hannu ba. Ba zan manta da wannan ba.

Wani dattijon ikkilisiya, Mubi:
Na yaba ƙwarai, amma ina da jan hankali. Akwai masu ƙoshin lafiya da suka mai da waya majami'arsu. Ibraniyawa 10:25 ta gargaɗe mu kada mu bar yin taro, kuma Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a majami'a, ba a cinsa ta waya. Marar lafiya da matafiyi aka yi wa wannan hanya. Su ma kada mu ce tun da suna kallo an huta da ziyara. A kai musu Jibi har gida.

Sa'an nan ƙauyukanmu da yawa sabis ba ya ɗaukar bidiyo. Yaranmu kan naɗi murya kawai, su tura ta WhatsApp, wanda ya shigo kasuwa ya sauke ya kai gida. A kuma kula da kyamara. Ba kowa ke son fuskarsa ta fita duniya ba, musamman a wuraren da tsaro ya yi rauni. A tsayar da ita kan bagadi da mawaƙa.

Mai buɗe zance, Kaduna:
Gaskiya ne Baba, mun karɓa. Zan kai maganar gaban dattawanmu: a sa kuɗin data da batir cikin kasafin ikkilisiya, a koya wa wasu matasa aikin, a kuma kira waɗannan gaba ran godiya a yi musu addu'a. Ɗan'uwa na Zariya, wane irin kebul kuke haɗa mikisa da waya da shi? Namu har yanzu sautin ɗaki suke ɗauka.