Tambaya: ta ya zan dafa abincin 'yan Suwizalan a gida ba tare da giya ba?

Maman Hanifa:
Salamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu zama a Suwizalan ko waɗanda suka taɓa zama ku taimaka min. Muna Jeniba ne aiki ya kawo maigidan, yara sun shiga makaranta kuma kullum sai sun dawo min da maganar fondue (narkakken cuku da ake tsoma burodi a ciki) da raclette (cukun da ake narkawa a ci da dankali) da rösti (gogaggen dankali soyayye) wai abokansu suna ci a gida su ma suna so. Ni kuma duk takardar girkin da na duba sai naga an ce a zuba giyar inabi fara, wani ma harda wata giya kirsch da ake yi da 'ya'yan ceri, rösti kuma sai naga da naman alade a ciki. Gaskiya bana so yaran nan su taso suna ganin abincin garin da suke zaune kamar wani abu ne da aka hana su gaba ɗaya, kuma bana so su je su ci a waje ban san me aka sa ba. Akwai yadda ake yi ya fito daidai ba tare da waɗannan ba? Kuma da wanne ya kamata in fara, dan cukun nan tsada gareshi bana so in yi asara.

Hajiya Uwani:
Wa alaikumus salam 'yata. Ki fara da rösti, shi ba ruwansa da giya sam, dankalin turawa ne da bota da gishiri shikenan, naman aladen nan da kike gani ƙari ne kawai wasu ke yi, ki cire shi babu abin da ya ragu. Asalinsa karin kumallon manoman yankin Bern ne kafin ya zagaye ƙasar.

Yadda nake yi, ina dafa dankalin da bawonsa tun daren jiya amma bana bari ya yi luguf, wuƙa ta shiga da ɗan ƙarfi haka, sai in sa shi a firji ya kwana. Wannan kwanan shine sirrin, in kika goga shi da zafinsa zai dame miki ya zama fate. Da safe ki ɓare ki goga da babban ramin magogi, ki barbaɗa gishiri, ki narka bota a kasko wanda baya kamu, ki zuba ki ɗan juya sau biyu sai ki tattara shi ki danna a hankali ya zama faifai guda, ki rage wuta ki ƙyale shi kamar minti 15 kar ki taɓa. Sai ki kifa faranti a kan kaskon ki juye, ki ƙara bota ki zame shi ya koma ɗaya gefen shima minti 15. In da hali ki sayi botar da aka tace wadda suke sayarwa dan suya, ta fi jure wuta, man shanun mu soyayye ma yana yi sosai har ya fi min ƙamshi. A kanti ki duba ledar dankalin, suna bambanta su da launi, mai ja ita ce ta rösti da suya. Ki ɗora soyayyen ƙwai a kai ki ga yadda yara za su yi da shi.

Abban Sadik:
Hajiya ta gama magana a kan rösti sai dai ni da ɗanye nake yi, haka ake yawan yi ta wajen Zurik inda nake, ka goga ɗanyen dankali ka matse ruwan da tsumma mai tsabta sosai sannan ka soya, yana ɗan fi daɗewa a wuta amma ya fi ƙaras ƙaras. Kowa da nasa.

Maman Hanifa maganar fondue nake so in tsaya a kai dan mutane da yawa basu gane aikin da giyar take yi a ciki ba, sun ɗauka dan daɗi ne kawai. Tsamin da ke cikinta ake buƙata, shi ne yake hana cukun ya dunƙule ya zama kamar roba mai kuma ya taso sama daban. To in tsami ne ai muna da lemun tsami. Na mutum 4 ki nemi cuku giram 800, lissafin su giram 200 ne kowane mutum, rabi Gruyère rabi Vacherin Fribourgeois, shi ne wanda suke kira moitié-moitié. Ki goge cikin tukunyar da tafarnuwa, ki zuba ruwan tuffa marar zaƙi sosai ko romo mara kitse kamar mililita 300, lemun tsami babban cokali 1, ki kaɗa garin konfulawa ƙaramin cokali 4 a ciki tun yana sanyi. Wuta kaɗan kaɗan, ki fara zuba Gruyère ɗin da kika goga kina juyawa ba tsayawa, in ya narke sannan Vacherin dan shi baya son zafi, kar ki yarda ya tafasa. Barkono baƙi da ɗan gyaɗar ƙamshi a ƙarshe. Ni na fi son rabi ruwan tuffa rabi ruwa dan tuffa zalla tana sa shi zaƙi, yara dai suna so haka.

Kuma akwai wani abu da ban cika jin ana faɗa ba, mutanen Fribourg suna da fondue nasu na gargajiya da Vacherin zalla wanda da ruwa ake yinsa tun asali, ba giya, ruwan ɗumi kawai da cuku a wuta mai sanyi sosai, kuma da dafaffen dankali suke ci harda burodi. Kinga wannan ba canji kika yi ba ba dabara ba, haka masu abin suke yi, in maƙwabciyarki 'yar ƙasa ta zo ma zaki iya ajiye mata ba kunya. Shi dai ɗumi ake cinsa ba zafi ba, in wuta ta yi yawa nan take zai tsinke.

Abu ɗaya dan Allah, kar ki sayi fondue ɗin leda wanda aka riga aka haɗa sai kin karanta bayansa, yawancinsu da giyar a ciki tun daga kamfani. Ki duba vin blanc ko Weisswein (giyar inabi fara kenan da Faransanci da Jamusanci) ko kirsch, in kin ga ɗaya ki ajiye. Kuma masu cewa ai wuta tana kore giyar duka ba haka bane, wani kaso yana saura musamman abin da ba a daɗe ana dafawa ba irin wannan.

Ummu Khairat:
Anti ni raclette zan ce ki fara da shi kafin fondue wallahi, dan shi ba girki bane ma sosai kuma ba a zuba masa komai. Abincin mutanen Valais ne, da can rabin ƙwaryar cuku suke karawa jikin wuta in fuskar ta narke a kankare a kan faranti, yanzu kuma kowa na'urar lantarki yake da ita mai ƙananan kasake kowa ya narka nasa a teburi. Ki dafa ƙananan dankali da bawonsu, ki sayi kokwamba da ƙananan albasa na cikin kwalba masu tsami, shikenan. Busasshen naman da suke jerawa a gefe ne kawai matsala dan yawanci alade ne, wanda ma na shanu ne ba yankan mu bane, ni tsire nake gasawa a saman na'urar da yajin ƙuli, ba gargajiyarsu bane na sani amma babu wanda ya taɓa ci ya ƙi. Na'urar kuma ki duba shagunan kayan hannu na biyu, ana samu da araha. Naman kuma tunda kina Jeniba ki tsallaka Faransa, Annemasse ko Ferney-Voltaire akwai mahautan halal kuma ya fi sauƙi, sai dai ki kula kilo 1 ne kowane mutum a rana ba haraji, abin da ya haura sai kin biya a boda.

Baraka Kano:
Ni ina Kano amma ina bin zancen nan da sha'awa, to mu da bamu da Gruyère fa? Wanda na gani a babban kanti kuɗinsa ya isa cefanen sati.

Hajiya Uwani:
Baraka ki bar fondue da raclette tukuna, gaskiya ɗaya ce su cukun ne abincin, in kika sa wani daban kin dafa wani abu ne ba su ba, kuma awara ko wagashi basa narkewa kar ma ki gwada. Amma rösti ai dankalin Jos ya ishe ki. Sannan akwai Älplermagronen abincin makiyayan kan tsaunuka, makaroni ne da dankali yankakke ƙanana a dafa su tukunya ɗaya, ki fara sa dankalin ya yi minti 5 kafin makaronin, ki tace ki zuba kirim ko madara mai kauri da cuku duk wanda kika samu mai narkewa, sai soyayyar albasa mai yawa a sama har ta yi ja. Abin da zai baki mamaki da dafaffiyar tuffa da aka dama ake cinsa a gefe, kar ki ce zaki tsallake ta, tsaminta ne yake yanke maiƙon. Ana cewa ma'aikatan Italiya da suka haƙa ramin jirgin ƙasa na Gotthard wanda aka buɗe a 1882 su suka yaɗa taliya a wannan yankin, makiyaya suka haɗa da abin da suke da shi a ruga, madara da cuku da dankali. Can kudu kuma Ticino inda ake Italiyanci polenta suke ci, tuwon masara ne kusan sak sai dai garin ya fi tsaki tsaki kuma suna sa bota.

Kuma ki duba kicin ɗinki akwai ɗan Suwizalan a ciki tuntuni, Maggi ɗin nan da muke jefawa a miya sunan mutum ne, Julius Maggi, a Kemptthal kusa da Zurik ya kafa masana'antarsa, daga baya a 1947 kamfanin ya koma hannun Nestlé.

Maman Hanifa:
Kai Allah ya saka muku da alheri, Hajiya na gode, Abban Sadik wannan na Fribourg ɗin ya kwantar min da hankali sosai. Yau zan dafa dankalin ya kwana gobe Asabar in yi rösti. Saura tambaya ɗaya, naman maraƙin nan na Zurik mai miyar kirim da laimar kwaɗi da ake ci da rösti, shima naga da giya, lemun tsamin zan sa?

Abban Sadik:
Eh amma kaɗan, kuma a ƙarshe. Ki yanka naman siri siri ki barbaɗa fulawa, ki soya a wuta mai ƙarfi minti 2 kawai kaɗan kaɗan kar ki cika kaskon, ki kwashe. A kaskon ki soya albasa da laimar kwaɗin, inda suka ce giya ki zuba romon nama ki kankare abin da ya kama a ƙasa ki bari ya ƙone rabi, sai kirim, in ya yi kauri ki sauke wuta ki mayar da naman ya ɗumama kawai dan in ya tafasa zai yi tauri. Sannan ki ɗiga lemun tsamin kina ɗanɗanawa, in kika sa tun kirim yana tafasa zai iya tsinkewa. In maraƙi ya yi tsada ƙirjin kaza ma yana yi, gidaje da yawa a nan haka suke yi ranakun aiki.